Wanda Zai Ba Baba a Baki

Ranar wata Talata ce cikin damina, dab da azahar. Baba ya fito da butarsa zai yi alwala a bakin kwatar ƙofar gidanmu a Sharaɗa, inda ya saba. Dakalin nan kullum a jiƙe yake. Ruwan da ke gangarowa daga bayan kamfanoni ya sa gansakuka ta kama shi. Shekara da shekaru yana taka wurin bai zame ba. Ran nan ya zame. Ya kai hannun dama zai dafa ƙasa, nauyin jiki ya bi hannun.

Ba na nan. Ina kamfanin roba da nake aiki, gaban injin da ke fitar da bokitai. Waɗanda suka ɗaga shi, da wannan hannun suka ja shi, yadda muke ɗaga duk wanda ya faɗi. An ce bai yi ƙara ba. Cewa kawai ya yi a sake shi.

A asibiti muka zauna a kan benci muna jiran hoton ƙashi. Ban taɓa sanin abin da yawa haka ba. Tsofaffi ne a jere, mata sun fi yawa, kowace da hannu rataye cikin ɗankwali. Wata a bakin famfo ta sulɓe, wata dokin ƙofa ne ya harɗe ta, wata wajen sauka daga adaidaita sahu. Ba wanda mota ta buge. Duk faɗuwar da yaro zai yi ya tashi ya karkaɗe wando.

Likitar mace ce. Ta ɗaga hoton ta nuna min da biro.

"Ƙashin dantse ne ya karye, can sama kusa da kafaɗa. Wurin ba ya ɗaukar filasta. Za mu rataye masa hannun a ƙirji, mako takwas kada ya motsa shi."

Na ce, "Alhamdu lillahi, tunda ba ƙugu ba ne."

Ta ajiye biron. "Malam, kada ka raina shi. Ƙashin zai iya haɗewa. Tsofaffin da nake rasawa bayan irin wannan karaya, ba ƙashin ne ke tafiya da su ba. Kwanciya ce, da rashin ci, da sanyin ƙirji. Wa zai kula da shi?"

"Muna nan."

Ta rubuta magani muka fito. Da gaske nake lokacin da na ce muna nan.

Sai na faɗi yadda gidanmu yake, in ba haka ba za a ce mu marasa imani ne. Ni ne ɗan fari a wurin Baba. Mutumin ƙauye ne na asali, daga can ƙasar Gaya ya zo Kano yana saurayi, ya shiga masaƙa a Bompai, ya yi shekara talatin kafin a rufe ta. Ya zauna birni, amma kunyar ɗan fari bai bar ta a ƙauye ba. Tun da na yi wayo bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" yake cewa, in kuma da wani yake magana ya ce "wancan". Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ni ma ban taɓa ci a gabansa ba. In zan gaishe shi, a bakin ƙofa nake durƙusawa, kaina a ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce. Ran da inji ya ƙone min yatsu, an ce min kwana ya yi bai runtsa ba, amma da na dawo abin da ya ce shi ne, "An dawo?"

Tun rasuwar innarmu yake zaune a ɗakin da ke jikin zaure. Matata kuma suruka ce, tsakaninta da shi sai labule. Ta kawo langa ta ajiye a bakin ƙofa, ta gaishe shi daga waje, ta koma. In an jima ta zo ta ɗauke. Haka ake yi shekara goma sha, ba wanda ya ga laifin abin.

'Ya'yanmu biyu ne, duk mata, duk sun yi aure. Da babbar ta ji labari ta taho daga Gumel da tsohon ciki. Ita jika ce, tsakaninta da shi wasa ne. Ina jiyo ta daga tsakar gida tana cewa, "Angona, ka karya hannun ne don kada ka yi min cefane, na gane ka." Shi kuma ya ce ya sake ta saki uku, ta tafi da tulun cikinta. Kwana huɗu ta yi. Ashe duk kwanakin nan ita ke ba shi a baki. Ba ta faɗa mana ba, don ta ɗauka abu ne da kowa ya sani. Ni ban tambaya ba, don na ga yana ci. Ta koma Gumel, mako bai zagayo ba ta haihu, ta shiga jego.

Daga nan langa ta ci gaba da shiga tana fitowa. Har matata ta ce min, "Baba fa ciwon nan ya buɗe masa ciki. Da sai ya rage loma biyu uku a gefe, yanzu tas yake sharewa." Ta ƙara masa malmala. Na ji daɗi.

Ni shida na safe nake shiga aiki, shida na yamma in fito. Kafin in iso gida an yi magariba. In durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Baba, ya hannun?" Ya ce, "Da sauƙi." Ɗakin ba haske sosai, yana lulluɓe da bargo, ni kuma ba kallon fuskarsa nake ba. Kwana goma sha bakwai muka yi a haka.

Wata Lahadi ina gida, ɗan garuwan da ke kawo mana ruwa ya shigo da jarkoki. Magidanci ne mutumin Damagaram, mai yawan surutu. Yana juye ruwa a randa ya ce wa matata, "Uwar gida, miyar kuɓewar jiya ta yi, sai dai barkono ya ɗan fi ƙarfina."

Ta ce, "Kai kuma ina ka ɗanɗana miyata?"

"Wurin Baba mana. Ai ni ɗan gidan nan ne yanzu. Na safe nawa, na rana nawa, na daren ma ajiye min yake har gari ya waye."

Na miƙe daga kan tabarma. "Shi kuma me yake ci?"

Ya tsaya da jarka a hannu. "Cewa yake in ci, shi ya gode Allah. Na ɗauka a cikin gida kuke ba shi. Ruwa dai ina riƙe masa moɗa ya sha. In akwai kunu ma ya kurɓa kaɗan."

Ya ga fuskokinmu, ya tattara jarkokinsa ya fita ba sallama.

Na juya kan matata. Na ce ita da take wuni a gida yaya za a yi ba ta sani ba.

Ta ce, "A tsakar gida nake wuni, ba a zaure ba. Ni da wane ido zan ɗaga labulen surukina? Kai fa, Malam? Ba mahaifinka ba ne? Yaushe rabon da ka dubi fuskarsa?"

Na wuce ɗakin, na yi sallama, na shiga har ciki, na yaye tsumman da ke jikin taga. Ban taɓa yin haka ba.

Gefen goshinsa ya faɗa. Leɓensa ya tsage. Tsohon agogon da aka ba shi a masaƙa, wanda yake ɗaurawa a hagu, ya zame har kusa da gwiwar hannu. Ɗakin yana warin mutumin da ya daɗe a kwance.

Na ce, "Baba, me ya sa ba kwa ci?"

Ya ɗaga hannun hagu ya juya shi gaba da baya, kamar wani ne ya ba shi ajiya.

"Da wannan? Shekara tamanin yana aikin banɗaki. Yau in kai shi baki?"

Na je na taho da limamin unguwa. Ya zauna ya yi masa bayani a hankali, cewa lalura ce, addini bai ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, kuma barin kai da yunwa shi ne laifin. Baba ya ce ya sani, tun liman bai fara karatu ba ya san wannan. Na fita waje. Liman ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Baba ya ɗauki cokali da hagu, ya ɗebo, ya kai baki, sai maƙogwaro ya ƙi. Ya yi ta kakari har hawaye. Liman ya ce min, "Ba taurin kai ba ne. Jikin ne ba ya karɓa."

To, sai ni. Na wanke hannu, na shiga da langa, na durƙusa a gabansa, na gutsuro loma na miƙa. Ya dubi lomar, ya juya fuska bango.

"Tashi."

"Baba, ku daure."

"Kana goye ban ci a gabanka ba. Sai yanzu da furfura a gemunka zan buɗe maka baki kamar ɗan tsuntsu? Tashi, kai."

Na ce to ɗan garuwan ya riƙa ba shi. Ya ce mutumin nan abincin iyalinsa ya zo nema, ba bara ba ne a gidanmu. Ruwa kowa na iya ba kowa. Tuwo a baki kuwa ba zai roƙi baƙo ba.

Matata ce ta tuna da abokinsa. Wani tsoho ne Bazazzagi, tare suka yi masaƙa, layinsu ɗaya, yana zaune a Dakata. Tsakanin Bakano da Bazazzagi wasa ne, su kuwa nasu ya wuce na kowa. Da la'asar ɗin ranar na tafi na same shi. Bai bari na gama magana ba ya laluɓo sandarsa.

Tun daga zaure ya fara. "Ina Bakanon da aka ce kwata ta kayar? Shekara talatin inji bai ci hannunka ba, sai gansakuka."

Daga ciki na ji muryar Baba, siririya. "Wa ya buɗe wa Bazazzagi ƙofa? A kwashe takalma."

"Takalman Kanawa? Ko kyauta ba na so. Matsa in zauna. Kai, dubi yadda ka koma, ko akuya ba za a ba ni a kanka ba."

Ya yi min alama da ido in fita. Na tsaya a bayan labule.

"Buɗe baki, bawa. Ubangidanka ne ya zo da kansa."

"Ka wanke hannun kuwa? Na san ku."

"Da sabulu. Buɗe."

Ya ci. Rabin malmala ya ci, ya sha ruwa, ya yi gyatsa. Ni ina tsaye a zaure kamar ɓarawo, ina jin ƙarar cokali a jikin langa. Matata tana bayana, tana share ido da gefen mayafi.

Da a ce Dakata nan kusa ce, da wataƙila labarin ya canja. Amma gari guda ne tsakani. Tsohon nan gwiwoyinsa sun gama aiki, adaidaita biyu yake hawa, a Bompai kuma manyan motoci su tare hanya a yi awa ba a motsa ba. In an yi ruwa, unguwarsu ba ta fituwa. Na roƙe shi ya dawo gidanmu da zama, ya ce matarsa ba ta gani, shi ne idonta. Sai ya zama yana zuwa sau uku a mako, wani makon sau biyu. Ranar da ya zo Baba ya ci. Ranar da bai zo ba, ruwa da kunu. Mun gwada dama fura da kauri, mun gwada madara, mun sa masa kofi a kan kujera da bututun roba don ya zuƙa ba sai da hannu ba. Yana zuƙa kaɗan ya ce ya isa. Cikin ya riga ya ƙanƙance.

Na nemi hutu a wurin aiki. Oga ya ba ni kwana biyu, ya ce in na wuce haka akwai masu jira a bakin get. Ban yi musu ba. Ko na zauna a gida me zan yi? Mutumin da ba zai ci a hannuna ba.

Cikin mako na shida tari ya kama shi, da zazzaɓi. Tun da ya daina ci ya daina fita masallaci, sallah a zaune, daga baya a kwance. Muka koma asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka yi allurai, aka sake hoto. Likitar nan ce dai. Ta dubi hoton ta ce ƙashin ya fara kamawa. Ta dubi Baba, ta ɗaga fatar hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta tambaye ni abin da ya faru, na faɗa mata duka. Ba ta yi min faɗa ba. Da ta yi da na fi jin sauƙi. Ta ce sanyi ya shiga huhu, kuma magani ba ya aiki a jikin da ba abinci. Kwana uku muka yi, Baba ya ce a mai da shi ɗakinsa.

Washegarin dawowarmu Bazazzagin ya zo. Ya jawo ni zaure ya ce, "Ni ba zan iya wannan zirga-zirgar ba, ka gani da idonka. Kai za ka yi."

Na ce masa, "Baba, ai kun san ba zai karɓa ba."

"Fuskarka ce ba ya so a gabansa. A masaƙa in an kawo mana sabon ma'aikaci, ba gabansa muke tsayawa ba. Bayansa muke tsayawa, mu zuro hannu ta ƙarƙashin nasa mu ƙulla zaren. Sai ya ga kamar hannunsa ne ke yi. Zo."

Muka shiga. Ya ce wa Baba, "Bakano, za a tayar da kai zaune, ka kwanta da yawa kamar kayan da ba su da mai saye." Ya nuna min bayansa. Na hau katifar, na jingina da bango, na jawo shi a hankali har bayansa ya kwanta a ƙirjina. Tun da na yi wayo ban taɓa riƙe shi ba sai ranar. Buhun garin roba da nake ɗauka a wurin aiki ya ninka shi nauyi. Ina jin kowane ƙashin bayansa, ina jin numfashin yana kurɗawa da ƙyar.

Bazazzagin ya ɗora langa a cinyar Baba. Na zuro hannun damana ta gefen hannunsa da ke rataye, na gutsuro tuwo, na dangwali miya, na ɗaga.

Baba ya tsaya yana kallon hannun. Hannuna ba kyau, duk tabon narkakkiyar roba ne, yatsu biyu ba sa miƙewa. Ya ce wa abokinsa, "Hannun nan duk ƙuna."

"Na wani ɗan kamfani ne, ba ka san shi ba. Ci."

Ya buɗe baki. Na ji leɓensa a yatsuna, busasshe. Loma huɗu ya ci. 

Daga ranar haka muka riƙa yi. Da asuba kafin in tafi aiki, da kuma bayan magariba. In yi sallama, in wuce bayansa ba tare da mun haɗa ido ba, in tayar da shi, in zuro hannu. In ya ƙoshi ya dafa gwiwata da hagu, in sauke shi, in fita, sannan in dawo bakin ƙofa in durƙusa in gaishe shi kamar yanzu na iso. Ya ce, "An dawo?" In ce, "An dawo."

Loma huɗu, wata rana biyar. Har matata ta fara cewa ya samu sauƙi. Daga baya ta koma uku, ta koma biyu. Tarin ya hana shi haɗiya. Ranar ƙarshe kunu ne a cokali, ya riƙe shi a baki ya daɗe, ya gangaro ta gefen gemu. Na share masa da hannun rigata. Kwana tara muka samu. Da na san wannan dabara tun ranar da 'yata ta koma Gumel, da kwana arba'in da wani abu ne. Na sha lissafa wannan a gaban inji. Ba ya canjawa.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika, ina wurin aiki. Matata ta ce tana wanke-wanke ta lura ta daina jin tarin. Ta zo bakin ƙofa ta yi sallama sau uku. Sannan ta ɗaga labulen.

Liman da Bazazzagin suka yi masa wanka, ni ina zuba ruwa. Da aka kwance abin ratayar, Bazazzagin ya bi dantsen da yatsa daga gwiwar hannu har kafaɗa, ya miƙar da hannun a gefen jiki. Ya miƙe lafiya. Kwana biyar ya rage a cire masa.

Bayan sadakar uku na raka tsohon bakin titi zai hau adaidaita. Motocin kaya na wucewa, muka tsaya a gefen kwata. Ya dogara sandarsa yana kallon ƙasa, yana zaɓen inda zai sa ƙafa.

Ya ce, "Ka san wanda ke gidana? Ɗana na fari. Sauran duk sun watse. Ni ma ban taɓa kiran sunansa ba."

Ya gyara riƙon sandar.

"Jiya a banɗaki saura kaɗan. Bango na kama. Ni ba zan iya faɗa masa ba, bakina ba zai yi ba. In ka samu Lahadi ka zo Dakata, ka ja shi gefe, ka nuna masa yadda ake zama."

Na ce to. Na riƙe shi ta ƙugu har ya hau, ban ja hannunsa ba.

Lahadi biyu sun wuce ban je ba. An ƙara mana oda a kamfani, har ranar hutu muna shiga. Jiya na aika a duba shi, an ce yana nan a kan ƙafafunsa.